Layukan da Iliya Ya Goge

A makon nan Iliya ya cika shekara goma sha bakwai a ƙasa. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan ɗauki biro in ce bari in rubuta wani abu a kansa. Sai in cika rabin shafi da irin yabon da ake yi wa kowane mamaci, in karanta, in yage. Yabon gaskiya ne, amma akwai wani wuri a labarinmu da kullum nake kewayewa, kuma muddin ban faɗe shi ba, duk abin da na rubuta a kan mutumin nan rabi ne. Bana na ce ko da kunya sai na faɗa.

Ga wanda bai san shi ba, Iliya mai gyaran kwamfuta ne. Shagonsa na Muciya a Sabon Gari, ɗaki guda mai ƙofar ƙarfe, tsakanin wani tela da mai cajin batir. Iyayensa daga kudancin Kaduna suka zo, aikin jirgin ƙasa ya kawo mahaifinsa Zariya, shi kuwa a Sabon Gari aka haife shi. Da gyaran rediyo ya fara, ya koma talabijin. Da kwamfuta ta shigo gari sai ya bi ta da karatun littattafan gwanjo, har ya kai yana karanta rubutun manhaja fiye da wasunmu masu takardar shaida. Shi Kirista ne, ni Musulmi. Ya girme ni da kusan shekara goma, don haka Yaya Iliya nake ce masa. Shi kuma Malam Sa'idu yake ce mini, da wata irin murya da har yau ban tantance ba ko girmamawa ce ko tsokana.

Mutum ne mai wuyar yarda. Idan aka kawo masa kwamfuta aka ce, "Haka kawai ta mutu," sai ya ɗago kai ya ce, "Haka kawai bayan ka yi mata me?" Abin da aka rubuta a jikin kwali ba ya gamsar da shi. Ko kayan gyara sabo ne fil a leda, sai ya ɗora masa mita kafin ya saka. Nakan yi tunanin yadda zai kalli wayoyin da muke riƙewa yau, waɗanda guda ɗaya ta fi duk injinan shagonsa ƙarfi, amma an manne bayanta da gam. Ina jin zai juya ta ya nemi inda ake kwancewa ya rasa, ya miƙo mini ya ce, "Me suke ɓoyewa a ciki?"

A farkon shekarun dubu biyu ina karatun digiri na biyu a Samaru. Wata sakandare ta al'umma a unguwar Jama'a, nan Zariya, wadda kwamitin iyaye ke tafiyar da ita, ta sami kyautar tsofaffin kwamfutoci goma sha huɗu daga ƙasar waje. Babu biyu da suka yi kama da juna. Shugaban makarantar, Malam Dauda, ya nemi Iliya ya tada su, Iliya kuma ya jawo ni in kula da ɓangaren manhaja. Muka zaɓi babbar manhajar nan da ake rabawa kyauta, wadda kowa ke da damar buɗe rubutunta ya gyara.

Sai na ɗan yi bayani a nan. Kowace kwamfuta tana da wurin da take baza aikin da ke hannunta, kamar yadda mai tsintar shinkafa ke baza ta a tire. Shi ake kira memori, kuma wasu siraran faranti ne da ake sokawa a cikin injin. Idan aka kunna kwamfuta, zuciyar manhajar, wadda 'yan sana'a ke kira kanel, abu na farko da take yi shi ne tambayar injin: memori nawa gare ka, daga ina ya fara, ina ya ƙare, wane yanki ne ba a taɓawa? In amsa ta zo daidai, komai sai ya tashi. Tsofaffin injinanmu kuwa kowanne da irin amsarsa. Wani ya faɗi rabin abin da yake da shi, wani ya ƙara, wani ya yi gum.

Dabarar da na yi ita ce, duk injin da ya ƙi tashi sai in rubuta masa nasa sashe. Idan mai lamba uku ne, yi kaza. Idan mai lamba tara ne, kada ka saurare shi, ɗauki kaza. Cikin wata shida, abin da ya fara da shafi guda ya haura shafi goma. Alfahari nake da shi ƙwarai. Na sa sunana a saman kowane sashe, nakan buga shi a takarda in kai Samaru in nuna wa abokan karatu.

A cikin sassan nan akwai guda da ban taɓa yi wa kowa bayaninsa ba. Wata Asabar da rana, ni kaɗai a ɗakin kwamfuta, na ciro farantin memori na inji mai lamba bakwai, wanda ya fi duk sauran lafiya, don in duba lambar jikinsa. Da zan mayar, ashe ban zare waya daga soket ba. Na ji tas, sai ƙauri. Na gyara wa farantin zama, na kunna. Injin ya tashi, amma da na gwada sai na ga wani yanki na memorin ya daina riƙe abin da aka ba shi. Abin da ya kamata in yi a fili yake: in hau bas zuwa Muciya in ce, Yaya Iliya, na yi ɓarna. To amma shi ne ya gabatar da ni ga kwamiti a matsayin masani daga jami'a, kuma shi ne ya ja mini kunne tun ranar farko cewa a zare waya kafin a sa hannu. Sai na zauna na rubuta 'yan layuka da ke gaya wa kanel ta kauce wa yankin da ya lalace, na rubuta a samansu cewa gyara ne na tsohon inji, kamar sauran. Inji ya tashi lafiya lau. Mako na zagayowa aka ɗauke shi zuwa ofishin jarrabawa, tunda shi ne mafi kyau.

Mai riƙe da ofishin nan ita ce Malama Rifkatu, malamar lissafi, mace mai tsare gida wadda ba ta wasa da aiki. Ita ke shigar da makin ɗalibai. A ƙarshen zango na biyu wani uba ya zo makaranta riƙe da takardu biyu, sakamakon 'yarsa da aka buga da kwamfuta, da takardar jarrabawar da malami ya yi wa maki da jan biro. Ba su yi daidai ba. Yarinya ta ci saba'in, an buga mata shida. Da aka bincika sai aka tarar da wasu, har da yaron da ya ci talatin ya fito da sittin da biyu. Ba su da yawa, amma sun isa a yi magana. Ba wanda ya kawo inji a ransa. A lokacin mutane sun ɗauka kwamfuta ba ta kuskure, sai dai wanda ya zauna a gabanta. Abin da ya ƙara dagula lamarin, yaron da makinsa ya hau cocinsu ɗaya da Malama Rifkatu, yarinyar da nata ya sauka kuwa Musulma ce. Duk wanda ya zauna a Zariya a shekarun nan ya san inda irin wannan magana ke iya kaiwa. Malam Dauda ya karɓe mukullin ofis daga hannunta, wai har a gama bincike. A ɗakin malamai gaisuwa ta fara gajarta.

Da labarin ya iso gare ni, sai na tuna da inji mai lamba bakwai. Na san memorin da ya ƙone ba lallai ciwonsa ya tsaya inda aka shata masa ba, musamman in injin ya ɗau zafi. Amma na gaya wa kaina ai na killace wurin, kuma wa ya sani, wataƙila matar ta aikata. Babu jimlar da ta fi wannan yi mini nauyi a duk rubutun nan. Na zargi matar da ban taɓa ganin ta yi ba daidai ba, saboda zarginta ya fi mini sauƙi.

Bayan mako biyu Iliya ya ce in buga masa rubutuna gaba ɗaya a takarda. Ya riƙe shi kwana huɗu. Da na je shago na tarar ya bi shi da fensir shafi bayan shafi, ya ja layi a kan kusan komai.

"Malam Sa'idu, abin nan naka ya yi ƙiba," in ji shi. "Tambaya ɗaya, hanya goma sha huɗu? A tambayi kowane inji ta hanya guda, in bai amsa ba a gwada ta biyu. A zuba amsar a jeri ɗaya, kowa ya karanta daga nan. Sauran a goge."

"Yaya Iliya, kowane layi da ka gani akwai dalilinsa."

"To gaya mini dalilin wannan."

Ya ɗora yatsa a kan wani sashe. Ba na ɓoyen ba ne, wanda ke samansa ne. Na yi bayani. Ya gyaɗa kai, ya juya shafi, bai tambayi na ƙasa ba.

Daga ranar nan na shiga zarginsa. Tun a bas ɗin komawa Samaru na fara saƙawa. Me ya sa sai yanzu? Wata shida yana ganin rubutun nan bai ce uffan ba. Me ya sa ya tsaya daf da wurin, sannan ya wuce? Ya gani ne yana jiran in faɗa da bakina, ko tarko yake ɗana mini a gaban kwamiti? Wata rana in ce hassada ce, mai gyaran rediyo na so ya goge sunan ɗan jami'a. Har na faɗa wa wani abokin karatuna haka, shi ma ya ce ai dama. Wata rana kuma, Allah ya yafe mini, in ce don Malama Rifkatu yake yi, tunda addininsu ɗaya. Komai nasa ya zama abin dubawa a wurina. In ya tare ni da fara'a, in ce akwai abin da yake rufewa. In bai yi fara'a ba, in ce to ga shi ya fara fitowa. Na daina tsayawa shan kunun zaƙi da shi a bakin shago kamar yadda muka saba.

Har wajen Malam Dauda na je a bayan idonsa, na ce canjin nan zai iya kashe injinan duka ana daf da komawa zango na uku. Malam Dauda ya ce abu mai sauƙi ne, a gwada a gabansa ranar Asabar. In ya yi a bar shi, in bai yi ba a koma wa nawa.

Sabon rubutun da Iliya ya kawo a fulofi, ɗan faifan ajiyar rubutu na zamanin, bai cika shafi biyu ba. Ni na haɗa shi da hannuna, yana tsaye a bayana. Muka bi injinan ɗaya bayan ɗaya. Na farko ya tashi, na biyu ya tashi. Mai lamba tara, wanda na yi mako guda ina fama da shi, ya tashi kamar bai taɓa gardama ba. Haushi da kunya suka haɗe mini wuri guda. Goma sha uku suka tashi. Sai aka ɗauko mai lamba bakwai daga ofishin jarrabawa. Ya fara tashi, ya zubo 'yan layuka a fuskarsa, ya ƙame.

Ni ne na fara magana, kuma da ƙarfi. "Ka gani ko, Malam? Sai da na faɗa. Injin da ya fi kowanne ne ya kashe."

Iliya ko kallona bai yi ba. Ya zare waya, ya kwance murfi, ya ciro farantin ya kai shi bakin taga. Ya daɗe yana dubawa. Ya kai shi hanci ya shinshina. Sannan ya soka shi a wani injin ya sa manhajar gwajin memori. Kafin minti goma fuskar kwamfutar ta cika da jan rubutu.

"Malam Dauda, farantin nan ba shi da lafiya," in ji shi. "Ka ba shi talatin ya riƙe maka, ya dawo maka da sittin da biyu. Ba Malama Rifkatu ba ce."

Malam Dauda ya yi salati, ya nemi kujera ya zauna. "To me ya lalata shi?"

Iliya ya juya farantin a hannunsa. Akwai ɗan baƙin tabo a gefen haƙoransa, daga inda nake tsaye ina hango shi.

"Tsohon kaya ne. Sun sha hanya."

"Amma ya aka yi da can yake tashi?"

"Tsohon rubutun yana kauce wa wurin ciwon. Sabon ba ya kaucewa."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Malam Dauda bai san kan abin ba balle ya ƙara tambaya. Iliya ya juyo ya ce, "Malam Sa'idu, miƙo mini sukudireba." Na miƙa masa.

An mayar wa Malama Rifkatu mukulli, an ba ta haƙuri a taron malamai. Amma wasu iyaye suka ce rufa-rufa ce aka yi, aka laƙaba wa na'ura. A kasuwa ana nuna ta da baki. Shekara na ƙarewa ta ajiye aikin ta koma wata makaranta a Wusasa.

Ni da Iliya muka ci gaba da aiki tare kusan shekara huɗu. Ko sau ɗaya bai tada maganar ba, kuma shirun nan ya fi komai damuna. Zargin da nake masa bai mutu ba, kama ya sauya. Ya sani ko bai sani ba? In ya sani, me yake jira? Ajiye ta ya yi don ranar da za mu saɓa? Sau biyu na hau bas zuwa Muciya da niyyar in faɗa masa, sau biyun na tarar da mutane a shago, na kuma ji daɗin samun uzuri. Sai ciwon hanta ya kwantar da shi. Da na je duba shi a asibiti ya rame har na kusa kasa gane shi. Abin da ya dame shi wata kwamfutar mutane ce da ya bari a buɗe a kan tebur, ya ce in je in rufe kada ɓeraye su yi gida a ciki. Muka yi dariya. Na zauna awa guda a gefen gadonsa, mu biyu kaɗai, ban faɗa ba. Bayan mako guda ya rasu. Ranar jana'izarsa na tsaya a harabar coci tare da telan nan da sauran maƙwabtansa Musulmi, ina kuka, rabin kukan kuwa na san na kaina ne.

Yanzu koyarwa nake yi. Ɗalibaina kan kawo mini aikin da manhajojin nan masu rubuta wa mutum suka zubo musu, shafi ashirin cikin minti guda. Yana aiki kuwa. Amma in na tsayar da ɗalibi a kan layi guda na ce me wannan ke yi, sai ya yi murmushi ya sosa ƙeya. Ba na jin Iliya zai ƙi waɗannan manhajoji, don mutum ne mai son sabon abu. Ina jin mu zai tuhuma, da muke karɓar abin da ba mu karanta ba mu ɗora masa makin yara da takardun marasa lafiya. Kuma abu guda bai canza ba tun zamaninsa: in kuskure ya fito, har gobe wanda ke zaune a gaban injin ake fara kamawa.

A watan jiya, da na ƙudurta yin wannan rubutu, na ga bai dace Malama Rifkatu ta tsinci maganar a jarida ba. Na yi tambaya har aka nuna mini gidanta a Wusasa. Ta yi ritaya, kanta ya yi fari. Na tarar da ita a tsakar gida tana tsinke zogale a faranti. Muka gaisa, ta gane ni, ta sa aka kawo mini ruwa. Na ce, "Mama, magana ce ta kawo ni, kuma ba mai daɗi ba ce." Na faɗa mata komai, tun daga ƙaurin nan har zuwa sukudireba. Ba ta katse ni ba, hannunta ma bai daina aiki ba.

"Ka gama?"

Na ce na gama.

"Ranar da kuka gwada injin nan, da la'asar Iliya ya zo gidanmu a kan babur. Ya ce in share hawayena, gaskiya ta fito. Na tambaye shi ko da hannun mutum a ciki. Bai ce a'a ba. Cewa ya yi, 'Malama, wanda ya yi zai zo ya gaya miki da ƙafarsa. Ki ba shi lokaci. Kunya ce ta kama shi, ba mugunta ba.'" Ta ture farantin gefe, ta dube ni. "Ban ɗauka lokacin zai haura shekara ashirin ba, Sa'idu. Ka san mutum nawa na zarga? Har Malam Dauda. Bawan Allahn nan ya mutu ban sake sakin jiki da shi ba."

Na roƙe ta gafara. Ta ce ta yafe, amma kada in sa ran ta ce mini abin bai yi mata ciwo ba.

Tun daga ranar nake auna shirun da Iliya ya yi, kuma ba zan ce muku na gama aunawa ba. Ya rufa mini asiri, na gama karatu, na sami aiki, na yi suna. Wannan rufin asirin kuma shi ya bar mace mai gaskiya tana kallon abokan aikinta ɗaya bayan ɗaya tana tambayar kanta wane ne. Da ya faɗa a gaban Malam Dauda, da na sha kunyar wata guda, ita kuma wataƙila da ba ta bar makarantar ba. Ina jin ya yi kuskure a lissafinsa, kuma ni ne kuskuren: ya ɗauka kwanaki zan yi.

Shagon Muciya yanzu rigunan waya ake sayarwa a ciki. Injinan makarantar tuni 'yan gwangwan suka auna su. Shafi biyun da ya rubuta ko ni ba ni da kwafinsu. Abin da na tarar ya rage na Iliya, daram kamar jiya aka yi shi, alkawari ne da ya ɗauka a madadina ban sani ba, ya bar shi a hannun wata mata a Wusasa, ita kuma ta riƙe.

Da na tashi tafiya na tambaye ta ko in sakaya sunanta a rubutun. Ta ce kul. Ta ce a sa shi a fili, a kuma rubuta yadda kowa zai gane. To ga shi, jama'ar da suka yi karatu ko suka kai 'ya'yansu makarantar nan ta Jama'a: Malama Rifkatu ba ta taɓa makin ɗan kowa ba. Ni ne na ƙona farantin, ni ne na ɓoye.